Gurbi Ɗaya da Ban Cike Ba

Ranar da aka kai Malam makwancinsa, tabarmi sun ƙare a unguwarmu. An aro na masallaci, an aro na makarantar firamare, daga baya mutane suka riƙa cire takalmansu suna zama a kai a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Ni ina ciki tare da mata, amma ɗakin da aka zaunar da mu yana manne da zaure, maganar maza tana shigo mana ta taga kamar a gabanmu ake yi.

Malam kakana ne, mahaifin babana. Ya koyar da Hausa a firamaren ƙauyenmu, arewa da Minjibir, tun kafin a haifi babana har ya yi ritaya. Don haka yawancin masu gaisuwar ɗalibansa ne, wasu furfurarsu ta kusa kamo tasa. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai ya ce, "Na tuna wata rana."

Wani direba mai jigilar mutane zuwa birni shi na fi ji, muryarsa a dishe.

"Da na sayi motata ta farko, na kai aka rubuta mini Ɗan Ƙauye a bayanta. Mai fentin bai sa wa haruffan ƙugiya ba. Malam ya zo tasha zai shiga birni, ya zagaya bayan motar, ya tsaya ya karanta. Ya ce, 'Wane ne kuma Dan Kauye?' Na ce, 'Malam, ai ni ne.' Ya ce, 'Ban san shi ba. Kuma ba na shiga motar da ba ta san sunanta ba.' Wallahi sai da na samo ragowar fenti a gwangwani na yi ƙugiyar da tsinke, yana tsaye a kaina, fasinja suna ta tsaki. Sannan ya shiga ya zauna a gaba."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake haɗiyewa da sauri a zaman makoki. Wani ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Aka amsa.

A cikin gida kuwa, takardu mata suke tunawa. Duk wadda aka kawo wa takardar asibiti, ko ta rabon taki, ko ta filin gado, Malam take aika wa. Yakan sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙananan rubutun can ƙasa da ba wanda yake kulawa da su, sannan ya maimaita mata da Hausa sau biyu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ni kam wa zai ƙara ce mini kada in dangwala yatsana a abin da ba a karanta mini ba?"

Inna, kakata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi. Da na durƙusa gabanta, ta dafa kaina ta ce, "Kin zo, uwar mijina? Abin nasa yana ɗaki, ya rufe shi da ɗankwalina don kada ƙasa ta shiga. Kullum sai ya ce kina hanya."

Ba don ta zarge ni ta faɗa ba. Inna ba ta iya wannan ba. Amma a duk maganganun da aka yi ranar, ita ce ta zauna mini a ƙirji, kuma saboda abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin nan nake wannan rubutu.

Sunan mahaifiyar Malam aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Tun ina rarrafe, in na shigo zaure sai ya yi kamar zai miƙe, ya ce wa baƙinsa, "Ku gyara zama, ga uwata nan." In an gasa masarar fari, ni ake fara gutsura wa. In na yi laifi babana ya ɗaga murya, Malam yakan leƙo ya ce, "Kai, a hankali. Kakarka ce fa."

Bayan la'asar yakan ɗauke ni mu bi gefen gonaki. A wajenmu gona tana manne da gona, ba daji a tsakani, iyaka kawai ta gamba ko 'yar bishiyar lalle. Malam ba ya wuce abu bai kira sunansa ba. Wannan ƙasar jigawa ce, waccan dabaro. Wannan aikin huɗa ne, na gaba maimai. Abin da iska ke kwashewa in ana sheƙa, ƙaiƙayi. Yakan sa in maimaita, in ban fito da ƙ ɗin daga maƙogwaro ba ya ce, "Ba ki ci tuwo ba ne? Sake." Yana cewa kalma ba ta mutuwa da ciwo, ranar da aka daina aikin da take nufi, ranar take kwanciya, ba wanda zai ji labari.

Da ya yi ritaya sai ya fara tattara irin waɗannan kalmomi a ƙananan littattafan rubutu: sunayen ƙasa, sunayen iri, sunayen kayan noma da tuni aka jingine. Burinsa ya haɗa su wuri ɗaya ya bar wa makarantar da ya koyar. Ya cika littafi biyu. A na uku hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zubewa, daga baya alƙalami ya ƙi tsayawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara wa yara ƙugiya, ya wayi gari shi kansa ba ya iya karanta abin da ya rubuta jiya. Bai yi ƙorafi ba. Ya dai daina, ya rufe littafin.

Ni ce na kawo shawarar kwamfuta. Ina karatu a jami'a, ina zaune da ƙawaye a Rijiyar Zaki, na samu sabuwa, sai na kawo masa tsohuwata bayan an yanke dawa. Na ce, "Malam, wannan ba ta damu da rawar hannu ba. Yatsa ɗaya ya isa."

Ya dube ta ya dube ni. "Uwata, kin tabbata ba za ta raina ni ba?"

Cikin mako guda ya iya kunnawa da kashewa, ya iya haɗa ta da solar gidan da hantsi ta yi caji. Turanci ba baƙonsa ba ne, duk abin da ta rubuto sai ya karanta a fili, wani lokaci har ya gyara mata. Na nuna masa yadda ake sauraron karatun Alƙur'ani, na nuna masa cewa in abu ya ƙi buɗewa, ana iya zaɓa masa manhajar da za ta buɗe shi. Na buɗe masa farin shafi a manhajar rubutu, na sa masa suna Kalmomin Malam, na ajiye a fuskar kwamfutar inda zai gani.

Ya sa yatsa ya nemi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗago.

"Ina ƙ?"

"Babu ita a nan, Malam. Sai an saka wata 'yar manhaja da ke kawo haruffa masu ƙugiya."

"To a saka mana. Da me zan rubuta ƙasa? In rubuta kasa, a ɗauka na gaza?"

Na ce zan nemo. Na nemo ta kuwa, amma sai ranar da zan koma makaranta, jakata tana zaure, mai babur yana jira ya kai ni tasha. Na zuba masa fayil ɗin da ke saka manhajar, na nuna masa da yatsa a tsaye. Na ce, "Ka danna wannan sau biyu. Zai yi maka tambayoyi, ka yi ta cewa e har ya gama."

"In yi ta cewa e?"

"E, Malam, haka kowa yake yi."

Ya yi murmushin da na sani tun ina ƙarama, wanda yake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa da sauri. Ban tsaya na fahimce shi ba. Aikin da bai wuce shan ruwa ba, na bar masa na hau babur.

Bayan kwana biyu ya kira ni.

"Uwata, baƙon naki ya ƙi shiga."

"Ka danna sau biyu?"

"Na dai buɗe shi in karanta tukuna."

"Ka karanta me, Malam?"

"Abin da ke cikinsa mana. Kin ce in yi ta cewa e. Ni tunda nake ban taɓa cewa e ga takardar da ban karanta ba, a tsufana zan fara? Na zaɓa masa abin rubutu ya buɗe mini shi, kamar yadda kika koya mini. Rubutu ne fal, amma ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Akwai wani harafi kamar kwaɗo ya yi zaune. Na bi shafi uku ban tsinci kalma goma ba. Kuma yanzu duk abin da na taɓa, irin wannan rubutun yake fitowa. Har abin da nake jin karatu da shi."

Na yi dariya har ƙawata ta juyo. Na ce wataƙila ƙwayar cuta ce ta shige ta, in na zo zan duba.

Ya ce, "To. Ita ƙwayar ma da ƙugiya ta zo, kin ga ta fi kwamfutar taki ilimi."

Abu ɗaya ne ya rage yana buɗewa daidai: farin shafin nan, Kalmomin Malam. Amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, kuma duk wata manhaja da aka yi niyyar sakawa, sai ta watse ta zama rubutun kwaɗo.

Baffana, ƙanin babana, wanda ke zaune da su a gida, ya ce abin mai sauƙi ne. A ba shi ita ya shiga da ita birni, masu gyara su wanke ta su zuba mata komai sabo. Inna ce ta ba ni labarin yadda aka yi.

Malam ya ce, "A wanke?"

"Haka suke cewa, Malam. Sai ta dawo kamar sabuwa."

"Kai da ka yi karatun allo, an taɓa wanke maka allo tun ba ka haddace ba?"

"Ai za su kwafe rubutun naka tukuna."

"Ba za ta kwana a hannun wanda ban sani ba. Uwata ce ta kawo ta, ita za ta gyara."

Baffa ya kaɗe rigarsa ya ce, "Shi ke nan, sai mu jira injiniya ta sauka." Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ni ma mun yi tamu. Da ya kira ni karo na uku, na ce, "Malam, ka yi yadda kowa yake yi a waya mana. Ka rubuta k ka sa mata ɗan waƙafi a sama, d ma haka, b ma haka. Za a gane."

Na ji ya gyara murya.

"Uwata, na tsaya gaban allo tun babanki bai zo duniya ba ina cewa harafi ɗaya ne, ba biyu ba. Yaran da na hana suna nan da ransu, wasu limamai ne. In ni na yi, me zan ce musu?"

"Malam, wannan ai taurin kai ne."

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya ce, "Wataƙila. Gado na yi, daga wajenki." Ya yi dariya, na yi, maganar ta wuce. Amma na kashe wayar ina jin haushinsa, na ce a raina ai sai ya jira.

Tsakanin Rijiyar Zaki da gidanmu mota biyu ce da babur. Mutum yana iya karyawa a can ya yi azahar a nan. Na san haka duk ranar Asabar. Amma kullum akwai wani abu: jarrabawa, bikin ƙawa, wanki, gajiya, ko kawai littafin da na ƙi ajiyewa. Ni mai yawan zama ce ina kallon taga ina tsara yadda abubuwa za su kasance. Na tsara ranar da zan zo in gyara masa sau da yawa, har da irin murnar da zai yi, har tsarawar ta fara yi mini kamar na yi aikin.

Na zo da ƙaramar Sallah. Tun da safe ya sa an yi wa kwamfutar caji, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ɗora ta a kan matashi. Na shigo hannuwana duka biyu a ɗaure da lalle.

"Malam, ka ga hannuna. Gobe."

Da goben ta zo muka tafi Watari gaishe da gwaggona, ba mu dawo ba sai magariba. Washegari kuma mai babur ya zo da wuri. Na leƙa zaure yin sallama, tana nan a kan matashin.

Ya ce, "Ba komai. Ai ba a yi wa uwa gaggawa. Ni dai ina ta aikina, in kin zo kya tarar."

Ban tambaye shi wane aiki yake yi ba, alhali na san ba shi da haruffansa.

Kiransa na ƙarshe ya same ni a ɗaki da rana, takardun jarrabawa a cinyata. Muryarsa da daɗi ranar. Ya ce yau ya kai kan dawar uwarsa, takwarata, wata dawa da ita kaɗai take shukawa a bayan gida. Ya faɗi sunanta. Na san ya faɗa, har ya maimaita yana dariya, ya ce sunan ya dace da ita. Ba ƙarar mota ce ta hana ni ji ba, layin kuma tas yake. Idona yana kan takarda, bakina yana cewa, "To, Malam. E, Malam." Na yi masa abin da shi ya ƙi yi wa kwamfuta.

Bai cika mako biyu ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku ya yi. Da hantsin na huɗu, ana tsakiyar zafin bazara, ya cika.

Washegarin sadakar uku, da baƙi suka ragu, na shiga ɗakinsa. Ƙamshinsa yana nan, na tsohuwar takarda da man zafi. Na ɗage ɗankwalin Inna. Ita kuma ta biyo ni da kofin kunu mai tururi ta ajiye a gefena, ta fita.

Na kunna kwamfutar, na danna fayil ɗin nan sau biyu, rubutun kwaɗo ya cika fuskar. Na ɗauki wayata na rubuta abin da nake gani, na nema. Amsar tana shafin farko.

Ba ƙwayar cuta ba ce. Kowane fayil yana da 'yar wutsiya ta haruffa a ƙarshen sunansa, kamar sunan garin da ake rubutawa a jikin saƙo a tasha. Kwamfuta ba ta buɗe saƙon, wutsiyar take dubawa ta san motar da za ta sa shi: hoto ga mai nuna hoto, sauti ga mai fitar da sauti. Fayilolin da ke saka manhaja ko tayar da ita kuwa ba a ba wa kowa su, su da kansu suke tashi su yi aiki. Ranar da Malam ya zaɓi manhajar rubutu don ya karanta baƙon nasa, akwai ɗan akwati a ƙasa mai cewa a riƙa buɗe duk mai irin wannan wutsiya da ita kullum. Akwatin yana da alamar amincewa a ciki. Na tabbata ya karanta shi, domin ba ya tsallake layi, kuma na tabbata ya yi masa daidai: duk baƙon da zai shigo, a fara kawo shi a karanta. Tun daga ranar, kowace manhaja da ta zo, maimakon ta tashi aiki, sai a shimfiɗe ta a farin shafi. Kwamfutar ba ta lalace ba. Biyayya ta yi masa.

Gyaran wani ɗan ƙaramin fayil ne da ke shiga rajistar da kwamfuta ke ajiye wa zai buɗe me, ya goge zaɓin da aka yi, ya mayar da na asali. Na sauke shi a waya, na haɗa waya da kwamfutar, na tura, na danna. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na kashe ta na sake kunnawa. Na danna baƙon Malam sau biyu, sai ga shi ya buɗe da sallamarsa, yana tambaya ko a ci gaba. Na karanta kowace tambaya har ƙasa kafin in ce e. Da ya gama, na danna maɓalli, ƙ ta fito a farin shafi da ƙugiyarta a sama kamar ba ta taɓa ɓata ba.

Na miƙa hannu ga kunun Inna. Bai huce yadda za a iya sha ba.

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na samu kaina, na buɗe Kalmomin Malam. Na ɗauka zan tarar da layi biyar ko goma. Shafuka ne masu yawa, ya kwafe littattafansa biyu ya ɗora da abin da ke kansa, duk da yatsa ɗaya mai rawa. A can sama ya rubuta:

"Uwata, duk inda kika ga wannan layin _ harafi ne mai _ugiya. Ban sa na bogi ba, na bar masa gurbinsa. In kin zo kin gyara, ki cike mini. Ke kin san su."

Haka ya yi tun daga farko har ƙarshe. _asa. Gya_a. _ai_ayi. Hu_a. _orawa. _awon wake. Kamar gonar da aka yi wa rami aka bar wa mai zuwa da iri. Na zauna a gida makonni ina cikewa, kowace kalma ina faɗinta a fili kafin in danna, yadda ya koya mini a gefen gonaki. Mafi yawa ba sa buƙatar tunani. Kaɗan na tambayi Inna ko Baffa. Baffa yakan zauna a bakin ƙofa yana ba ni amsa ba ya kallon kwamfutar.

Sai na zo kusa da ƙarshe.

"'Yar _ari. Dawar uwata. Gajeriya ce, ba ta wuce kafa_ar mutum. _wayarta ja-ja. A bayan gida take shuka ta, ba a gona ba. Tuwonta ya fi na kowace dawa da na ci. Yanzu ba mai shuka ta. Ba sai na yi bayanin halinta ba, sunanta ya gaya maka."

Na cike kafaɗa, na cike ƙwaya. Na ɗora yatsa a kan na farkon, na tsaya. 'Yar ƙari? 'Yar ɗari? 'Yar ɓari? Duka ukun Hausa ne, duka ukun suna iya zama sunan dawa. Na rufe ido na nemo muryarsa a wayar nan. Ina jin dariyar, ina jin "takwararki", amma in ya zo kan kalmar, kowane lokaci da harafi daban yake faɗa.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Ni da aka kawo ni gidan nan ta riga ta daina shukawa, ƙafa ta hana ta. Shi kuma a gabana dawar Iya yake ce mata."

Baffa ya raka ni wajen tsofaffi biyu da suka rage cikin sa'o'in Malam, suna zaune a jikin bangon masallaci bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe su na faɗi abin da ya kawo ni.

Na farkon ya ce, "Na san ta sarai. 'Yar ɗari ce. Ba ta nuna sai sanyi ya sauka, kowa ya gama yanka tana tsaye."

Na biyun ya girgiza kai. "Kai dai ka tsufa. 'Yar ɓari. Shi ya sa ake shuka ta a bayan gida inda ido ke kai. In ta nuna ba ta jiran kowa. Ka ce gobe za ka yanka, ka zo goben ka tarar ta zubar da kanta a ƙasa, kaji sun tsince."

"Wa ya tsufa? Da aka yi maka kaciya ina wurin."

"Kana wurin kana kuka, kai ne na gaba."

Suka koma kan wannan, dawar ta fita daga zancen. Da na sake tambaya a hankali, kowannensu ya ce, to, Allah dai ya sani, shekaru sun yi nisa, wataƙila ma wata dawar yake tunawa.

A hanyar gida Baffa ya ce, "Ki sa ƙari. Ya fi daɗin ji, ya fi albarka. Wa zai sani?"

Na ce, "Baffa, kai ma ka san wanda zai sani."

Da muka kai zaure ya ce, "Da na ɗauki kwamfutar da ƙarfi na kai birnin nan."

Na ce, "Da na zo ranar Asabar."

Inna ce ta tuna akwai zangarniya ɗaya ta dawar da ta rage. Tana rataye a rufin ɗakin Malam, naɗe cikin takarda, ta yi baƙi saboda daɗewa. Ta ce tun tana amarya take ganinta, yana sauya mata takarda in ta yage. Na ce in mun shuka, dawar da kanta za ta faɗi sunanta: in ta jira sanyi, in ta zubar, ko in ta ba da fiye da ƙima. Da aka yi ruwan shuka, ni da Inna muka fita bayan gida. Ita tana sara rami, ni ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige. Rami bakwai.

Ta maƙwabta ta tsiro cikin kwana huɗu. Na riƙa fita kowace safiya ina durƙusawa ina duban ƙasa. Bayan mako biyu na tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar ta narke ta zama ƙasa. Na tona sauran shidan, duk haka.

Yanzu damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, dawar mutane ta rufe hanyar da muke bi da la'asar. Na gama cike Kalmomin Malam, za a buga a kai makarantar da ya koyar, kamar yadda ya so. A zuciyata na san wadda nake zato cikin ukun. Tun ranar da tsohon nan ya ce ba ta jiran mai cewa gobe, ban ƙara jin kalmar da wani harafi ba. Amma zato ne, kuma na san daga inda ya fito. Malam bai yarda a sa hannu a abin da ba a karanta ba, ni kuma ba zan sa masa harafin da ban ji ba. A shafi na kusa da ƙarshe, layin nan zai fito kamar yadda ya bar shi.

In akwai wanda kakarsa ta taɓa shuka wata gajeriyar dawa mai jar ƙwaya a bayan gida, a ƙasar Minjibir ko kewayenta, ina roƙonsa ya tambaye ta yau, ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara da kyau.

Allah ka jiƙan Malam, ka haskaka kabarinsa, ka ba shi littafinsa a hannun dama, cikakke, ba gurbi ko ɗaya. Ka sada shi da uwarsa ta gaskiya, wadda ta san sunan dawarta. Ni kuma da na ci sunanta ban zo ba, ka yafe mini.